Ƙanƙara da Ƙyastu

A cikin birnin Katsina, can wajen Ƙofar Guga, an yi wani tsohon falke wanda tun da ya yi wayo har ya koma ga Ubangijinsa bai taɓa fita ƙofar gari ba sai da wata 'yar zabira ta jar fata rataye a wuyansa, ƙarƙashin taguwa. Mutane da yawa sun ɗauka laya ce, har wasu su kan raɗa wa juna wai ita ta hana 'yan fashi taɓa shi shekara da shekaru bisa hanya. Shi kuwa in ya ji sai ya yi murmushi ya ƙyale su, gama falke ba ya ƙin a ɗan ji tsoronsa. Amma babu ko harafi guda na rubutu a cikinta. Abu uku ne kurum: wani ɗan lanƙwasasshen ƙarfe wanda yatsa uku ke shiga cikinsa, shi ne ƙyastu, da wani farin dutse mai kaifin baki, bai fi goro girma ba, shi a ke kira ƙanƙara, da wata 'yar batta mai murfi, cike da auduga baƙa ƙirin.

An haife shi ne a farkon zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya hau gadon Katsina a 1906. Ubansa falke ne na jakuna, mai bin hanyar arewa zuwa Maraɗi da Tasawa, ya kai taba da tufafi da jar fata, ya komo da gishiri da kanwa da dabino. Tsohuwar hanya ce ƙwarai. Ta Tasawa ɗin nan Bature Barth ya biyo ayarin gishiri ya iso Katsina a 1851. Yaron bai wuce shekara goma ba uban ya fara tafiya da shi, aikin da aka fara ba shi kuwa shi ne wuta.

Kada mai karatu ya raina wannan aiki. In ayari ya sauka zango, kowa da abin da ya ke yi. Wasu na sauke kaya, wasu na dabaibaye jakuna, wasu sun nufi rijiya. Dokar uban nan ita ce, kafin a sauke mangalar ƙarshe ya ga hayaƙi ya tashi. In bai gani ba, ba ya zagi, ba ya duka, sai dai ya dubi yaron sau ɗaya, ya kau da kai. Wutar zango ba ta dafa abinci kaɗai ba ce. Ita ke korar kura daga jakuna, ita ke raba mutum da sanyin hunturu, da ita a ke ganin kunama kafin a taka ta, ita ce kuma ke nuna wa wanda ya yi baya inda 'yan'uwa suka sauka.

Mafi yawan mutane suna tsammani dutsen ne ke da wuta a cikinsa. Ba haka ba ne. Ƙanƙara ta fi ƙarfe tauri, saboda haka in an ƙyasta, kaifinta ne ke ƙanƙaro ɗan mitsitsin ƙarfe, wanda ido ba ya gani, shi kuwa saboda zafin bugun da iskar da ya sha sai ya kama ci. Watau tartsatsin nan ƙarfe ne ke ƙonewa. Shi ya sa ƙyastun tsohon ya zaizaye a tsakiya, ya yi ƙugu, don shekarun da dutse ya yi yana cinsa. Shi ya sa kuma ba kowane ƙarfe ke yi ba. Ka buga ƙusa da ƙanƙara har gobe, da ƙyar ka ga wani abu, domin ƙarfenta mai laushi ne. Maƙera sun san haka tun ba su san dalilinsa a takarda ba. Su kan nemi tsohon magagari da ya daina ci, daga baya da motoci suka yawaita su kan yanki sifirin mota, su zuga shi da gawayin ƙirya har ya yi ja, su lanƙwasa, sa'an nan su tsoma shi cikin ruwa farat ɗaya don ya yi tauri. Dutsen kuwa, ƙanƙara ta ainihi ba ta da yawa a ƙasarmu. Farin dutsen nan mai ƙyalli da a ke tsinta cikin tsakuwa shi ya kan tsaya a madadinta, in an fasa shi ya yi baki. Mai sa'a ya kan sami irin wadda Turawa suka riƙa kawowa domin bindigar toka, wadda a ke fafarewa a wani gari na Ingila mai suna Brandon. Abin mamaki ne dai a ce Bahaushe ya kira dutsen da ke haifar wuta da sunan da ya ke kiran abin da ya fi kome sanyi. Wataƙila don sun yi kama a ido ne.

To, amma ƙarfe da dutse ba su ne suka dami tsohon ba. Ya kan ce ƙarfe na maƙeri ne, dutse kuwa ko'ina Allah Ya zuba shi, auduga ita ce taka. Tartsatsi ba ya daɗewa, kafin ƙiftawar ido ya mutu, in bai faɗa kan abin da zai karɓe shi ba. Ɗanyar auduga fara, kome bushewarta, sau da yawa tartsatsi ya kan faɗa mata ya mutu a banza. Sai an riga an koya mata wuta. Ga yadda ya ke yi. Da rani, ranar da babu iska, sai ya zauna a zaure ya yagi tsumman saƙi wanda ya sha wanki, ya haɗa da 'yar auduga, ya sa musu wuta cikin kasko. In wuta ta ratsa su ko'ina, sun yi baƙi, sai ya kife wani kasko a kai ya toshe, iska ta yanke. A nan gwaninta ta ke. In ya yi gaggawar rufewa, rabi ya fito ɗanye, ba ya kama tartsatsi. In ya yi jinkiri kaɗan, ya buɗe ya tarad da toka. Abin da a ke so shi ne tsumma ya zama gawayi, amma saƙarsa na nan, in ka ɗaga shi a hankali bai ruguje ba. Wannan shi ya ke zubawa a batta, ya shafe bakin murfin da kakin zuma. Ban da wannan, in rimi ya fashe ya kan tara audugarsa, da ta 'ya'yan tumfafiya, ya cusa a gindin zabira, domin su ne ke karɓar wuta daga baƙar auduga su mai da ita harshe. Da damina, duk ranar da rana ta buɗe, sai ka gan shi ya baje su a kan faifai yana gadi, kada kaji su watsar. Ratayawar da ya ke yi a wuya ma dalili gare ta: ɗumin jiki ke hana su yin laima.

Mutumin birni a wancan zamani bai cika bukatar wannan wahala ba. A cikin gari wuta ba ta mutuwa gaba ɗaya. Mata su kan binne garwashi cikin toka da dare, ko su tura gungume a murhu ya kwana yana ci. Gidan da tasu ta mutu, da sassafe sai a aiki yarinya da tsingaro ko ɗan kasko ta je maƙwabta ta ɗebo, ta komo da sauri tana karewa da tafin hannu. Daga nan ne a ke ce wa baƙon da bai zauna ba ya miƙe, "Ɗiban wuta ka zo?" Ƙyastu kayan wanda ya rabu da maƙwabta ne: falke, da maharbi, da makiyayi.

Sa'an nan ashana ta zo. Wani mai sayar da magani a Ingila, John Walker, shi ya fara sayar da irin wadda a ke gogawa ta kama, a 1827. Mutanen Suwidin kuma suka gyara ta, suka raba maganin biyu, rabi a kan tsinke, rabi a gefen kwali, don kada ta kama da kanta. Kantuna suka kawo ta, 'yan koli suka kai ta kowace kasuwar ƙauye. Gaskiya kuwa abu ne mai kyau, ba mai musun haka sai mai gardama. Tsohon ma bai ƙi ta ba, da ita a ke kunna fitila a gidansa. Amma bai ajiye zabirarsa ba. Abokansa suka yi ta yi masa ba'a, suna cewa ya bar jaki ya hau mota, amma ya ƙi sauke kayan jaki.

Gama lalle ya hau mota. A zamanin Sarki Usman Nagogo, wanda ya gaji Dikko a 1944, fataucin jakuna ya ja baya, shi kuma ya koma bin kasuwannin yamma da birni a bayan manyan motoci, shi da ƙunshin hajjarsa. Wata shekara, cikin marka, suka taso daga wata kasuwa bayan la'asar, mota cike da buhuna, mutane kamar ashirin a bisa kaya. Hanyoyin lokacin ba kwalta. Hadari ya haɗo daga gabas, kafin su yi nisa ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Suka iso wata ƙorama a gefen dajin Rugu, direba ya duba ya ce za ta wuce. Ba ta wuce ba. Gaban mota ya nutse cikin yashi, ruwa ya sha kan inji, ta yi tari biyu ta mutu. Da ƙyar aka fito da mata da yara, aka haye tudu, aka fake gindin wata kuka. Magariba ta yi, ruwa ya koma yayyafi, iska mai sanyi ta taso, kowa ya jiƙe sharkaf.

A cikinsu akwai wata yarinya mai jego, ba ta yi arba'in ba, za ta gidan iyayenta da jaririnta. Zanen goyon ya jiƙe, nata ya jiƙe, tana rawar ɗari har haƙoranta na haɗuwa. Da fari jaririn yana ta tsala kuka. Can sai kukan ya fara raguwa, ya koma ɗan ƙugi. Wata tsohuwa ta taɓa ƙafarsa, ta ce, "Jama'a, a nemi wuta. Yaron nan ya yi sanyi." Duk wanda ya san jarirai ya san shirun nan ya fi kukan ban tsoro.

Mutum huɗu ke da ashana, har da direba. Aka fito da su. Kwali ya yi laushi kamar tuwo, in an goga sai kan tsinken ya murmushe, ko gefen kwalin ya saɓule. Aka ƙarar da kwali biyu a tsaye. Yaron mota ya koma cikin ruwa wai zai haɗa waya da batir ya sami tartsatsi, ya tarar batir na ƙarƙashin ruwa, ya dawo hannu wofi.

Falken nan duk bai ce kome ba, kuma bai taɓa zabirarsa ba tukuna. Wannan shi ne abin da waɗanda suka ga abin suka riƙa faɗi daga baya: wai mutum yana da wuta a wuya, jariri na mutuwa, shi kuwa ya tafi tsintar itace. Ya zagaya bayan kukar, ya zura hannu cikin kogonta, ya yaƙuto busasshen ganye da ɓawo da iska ta tara a ciki. Ya sa samari biyu su karyo matattun rassa waɗanda ke bisa itace, ya hana su ɗaukar na ƙasa. Ya zaro wuƙa ya tsaga rassan, ya fere jiƙaƙƙen bayan ya yar, ya fiffiƙe busasshen cikin sirara sirara kamar tsinken tsintsiya. Ya jera su kashi uku, ƙanana, da matsakaita, da manya. Ya roƙi wata mai tallan man gyaɗa ta tsiyaya masa kaɗan a tsumma. Direba ya ƙosa, ya ce, "Haba Baba, in kana da abin yi ka yi mana!" Ya ce, "Ɗana, audugar ba ta da yawa. In ta kama babu abin da za ta ci, mun yi biyu babu. Ku zo ku tsaya nan, ku ba iska baya."

Maza suka jeru suka yi katanga da jikinsu, biyu suka riƙe tabarma a bisa kansa. Ya durƙusa, ya goge hannuwansa a cikin hammata har suka bushe, sa'an nan ya buɗe batta. Ya tsinki baƙar auduga kamar girman farce, ya ɗora bisa ƙanƙara dab da bakinta, ya danne da babban yatsa. Ya ƙyasta. Tartsatsi ya watse a banza. Ya sake, ya sake. Ba a jin kome sai ƙarar ƙarfe da ɗigar ruwa daga ganye. Can sai ga wani ɗan jan ɗigo a gefen audugar, bai kai ƙwayar gero ba. Bai yi sauri ba. Ya naɗe shi cikin audugar rimi da busasshen ganye kamar sheƙar tsuntsu, ya ɗaga sama da fuskarsa kaɗan don hayaƙi ya wuce, ya shiga hurawa a hankali, dogon numfashi, ba fu fu irin na yara ba. Hayaƙi ya yi kauri, ya yi fari, sa'an nan bal, harshe ya tashi tsakanin tafunansa. Ya ajiye, ya ɗora tsumman mai, ya bi da ƙananan tsinkaye ɗaya ɗaya. Sai da manyan suka kama ya ɗaga kai ya ce, "'Yata, matso da shi. Kada ki kusa ƙwarai. Cire masa jiƙaƙƙen, ki sa shi a ƙirjinki, a gasa zane a rufa muku."

Kafin tsakad dare jaririn ya buɗe baki ya tsala kuka, ya kama nono. Tsohuwar nan ta yi hamdala. A nan suka kwana, da safe mutanen wani ƙauye suka zo da igiyoyi aka ja motar. Mai man gyaɗa kuwa, da gari ya waye hankali ya komo, sai ta bi shi ta ce a biya ta kuɗin manta. Ya ba ta kobo. Ya kan ce duk cikin tafiyar nan ita kaɗai ce falken gaske.

Bayan ya tsufa ya daina fita, akwai wani jikansa da ya shaƙu da shi, wanda ya ke kira abokina, suna ta wasan jika da kaka. Yaron ya nace sai an koya masa. Ran da aka fara, ya ɗauki dutse ya riƙa sara ƙarfe da ƙarfin tsiya, har ya fasa ɗan yatsa. Tsohon ya yi dariya ya ce, "Abokina, faɗa ku ke yi? Ba dukansa za ka yi ba, shafarsa za ka yi, kamar kana fere rake." Ya yi kwanaki kafin ya ga jan ɗigon nan na fari, ya yi ihu, ya hura da ƙarfi, ya kashe shi. Ya ce, "Kaka, ai ashana ta fi sauƙi." Tsohon ya ce, "Ƙwarai kuwa. Je ka tsoma ta a randa ka kawo mini." Amma ƙona tsumma bai yarda ya bar masa ba sai bayan shekara guda, wai hannunsa bai yi sanyi ba tukuna. Tsohon ya rasu ba da daɗewa ba bayan an ba Katsina jiharta a 1987. Da aka zo rabon gado babu wanda ya kula da zabira, jikan ya ɗauka ya jefa a akwati.

Da tsohon ya ƙara 'yan shekaru, da ya ji labarin wani ɗan'uwansa a sana'a. A 1991 aka tsinci gawar wani mutum cikin ƙanƙarar duwatsun Alps, a kan iyakar Italiya da Ostiriya, wanda masana suka ce ya fi shekara 5,000 da mutuwa. A ɗamararsa akwai 'yar jaka, cikinta da 'yan duwatsu masu kaifi da wani busasshen abu mai laushi irin wanda ke tsirowa a jikin itace, wanda a ke kama tartsatsi da shi. Zamaninsa ba a san baƙin ƙarfe ba, dutse da dutse a ke bugawa. Har da wani ɗan mazubi na ɓawon itace a kayansa, wanda ya ke ɗaukar garwashi a ciki, naɗe da ɗanyen ganye. Ga mai zabira, ga mai ɗiban wuta, a jikin mutum guda.

Sunan ƙyastu dai bai mutu ba, ya koma kan ɗan abin nan na roba mai gas da a ke sayarwa a kowane tebur. Ɗan abin da ke ba da tartsatsi a cikinsa, wanda a ke kira dutse, ba dutse ba ne, wani haɗin ƙarfe ne da Carl Auer von Welsbach, mutumin Ostiriya, ya ƙago a 1903, shekarar da Lugga ya shigo Katsina. Da irin wannan haɗin a ke yin 'yar sandar da sojoji da masu yawon daji na ƙasashen Turai ke ratayawa. In an kankare ta da bayan wuƙa ta kan zubo tartsatsi mai zafin gaske, ko da ta jiƙe. Ta fi ƙyastun maƙera nesa ba kusa ba. Duk da haka masu sayar da ita su kan haɗa wa mai saye da 'yar gwangwani ta busasshiyar auduga, su gargaɗe shi kada ya bari ta sha ruwa.

Jikan nan yanzu shi ma ya yi furfura, yana da nasa jikokin. A shekarun da 'yan bindiga suka tayar da ƙauyuka a yammacin Katsina, wajen Batsari da Safana da Jibiya, wata mata ta zo ta sauka gun danginta a unguwarsu, ita da 'ya'ya uku. Ta ba matan gida labari, shi yana ji daga zaure. Da dare suka gudu, cikin damina, da abin da ke jikinsu kaɗai. Daren fari ba wanda ya yi marmarin wuta, don kada a hango su. Dare na biyu sun yi nisa, yara na kakkarwa, an tono 'yar rogo a wata gona, aka dubi juna, mutum fiye da goma babu mai abin kunnawa. Ɗanya suka ci.

Da ta tashi, ya shiga ɗaki ya jawo akwati. Fatar zabira ta bushe ta yi tauri, ƙarfen ya yi tsatsa kaɗan, kakin bakin batta ya ƙage sai da ya sa wuƙa. Audugar tana nan baƙa, rabin batta, ƙunar hannun kakansa. Ya kira babban jikansa, suka zauna a zaure. Ya goge ƙyastu da toka, ya ɗora auduga bisa dutse, ya ƙyasta, ya kuskure, ya fasa yatsan nan dai na dā. Yaron ya tuntsire da dariya ya ce, "Kaka, in kawo maka ashana?" Ya tsotse jinin ya ce, "Zauna, abokina." Ya gyara riƙo, ya sassauta hannu. A bugu na goma sha wani abu jan ɗigo ya bayyana, ya fara faɗaɗa a hankali. Ya miƙa wa yaron ya ce ya hura, kada da ƙarfi. Sa'an nan ya leƙa cikin gida ya ce a nemo masa tsohon zane na auduga zalla, wanda ba shi da haɗin roba, da kasko biyu.